Akuyar da Ta Sha Maganin Safara'u

A Rogo Ruma, in ka ce "likitar akuya" ba wanda zai tambaye ka wa kake nufi. Kande ce, mai ƙuli-ƙuli, matar yayana Barau.

Sunan ya samo asali ne wata safiya a bazarar 1995. Muna zaune a ƙofar gida an gama shan koko, sai muka ji kokawa a cikin zaure. Kafin Barau ya miƙe, sai ga jar akuyar gidan ta fito a guje da tulun cikinta, bakinta fari fat kamar ta tsoma shi a buhun gari. Igiyarta na naɗe a wuyan hannun Kande. Ita kuwa Kande tana biye ba da son ranta ba, takalmi ɗaya, ɗankwali a kafaɗa, har akuyar ta kai ta gindin darbejiya ta zaunar da ita daɓas a gaban dattawa. Ɗan yatsanta na zubar da jini.

Liman ya kawar da kai ya ce, "Lafiya, Kande?"

Daga nan ƙasa inda take ta gyara zama ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali? Ya zafi?" Ba ta tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Da ta gama ta miƙe, ta ja akuyarta suka koma ciki.

Mun yi dariya har Barau ya ƙware. Ba mu san abin da muke yi wa dariya ba.

Kande 'yar Yola ce, Yolarmu ta Karaye, daga can aka auro ta. Gajera ce, mai ƙarfin hannu, kuma tun da na san ta ba ta taɓa yarda da wani abu ba sai ta gwada shi. In mai gyaɗa ya rantse mata cewa ta bushe, sai ta ɗauki guda ta sa a haƙori. In mai ya yi zafi a kasko, ba ta zuba ƙuli sai ta gutsuri ɗan mitsitsi ta jefa, ta ga yadda zai taso. Har sabuwar tukunya sai ta kwana da ruwa a ciki kafin ta hau murhu. Na taɓa ce mata ni ma da za ta gwada ni ta gani, wataƙila da ta bar tsohon nan ta dawo wurina. Ta ce ai ta gwada ni tun ina yawo ba wando, ba ta ga abin ɗauka ba. Haka muke da ita. Ni ƙanin miji ne, an yarda in faɗa mata abin da ba wanda zai faɗa.

Abu ɗaya ta taɓa haɗiya ba ta gwada ba. A shekarar 1984 tana da ciki, zazzaɓi ya kama ta ranar kasuwa, ga kaya a ka. Wani mai tallar magani a faifai ya ba ta kafso mai ja da rawaya, ya ce kafin ta isa gida ta warke. Ta sha. Cikin makon nan cikin ya zube. Ko zazzaɓin ne, ko kafson ne, ko kuwa kwanan ne ya ƙare, ba wanda ya sani. Ungozoma ta ce haka Allah ya so. Kande ta ce haka ne, amma a ranta ta riga ta yanke hukunci: da hannunta ta kai wa bakinta. Tun daga nan ko ciwon kai mai ciki take yi, in ta nemi shawarar Kande, jiƙo za ta sha.

Sai kuma maganar Safara'u, 'yarta ta fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Kande ta yi fice. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. "'Yar nan" take cewa, in ranta ya ɓaci ta ce "waccan". Ko Safara'u ta faɗi a tsakar gida tana ƙarama, Kande sai ta ci gaba da suyarta ta ce, "Wani ya ɗauke musu yarinya." Amma in ka lura, ƙulin da ke kaskon a lokacin ƙonewa yake yi.

Safara'u ta girma ta auri Hadi, magatakarda a ofishin hakimi a Karaye, yaro mai natsuwa wanda ko tari zai yi sai ya nemi izini. Suna zaune a Unguwar Hajji. Da cikinta na fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki. A daidai lokacin ƙarambau ya shigo unguwa, yana bin yara gida-gida. Yara kan yi 'yan ƙurajensu, a shafa musu farar ƙasa, su koma wasa. Safara'u kuwa ba ta yi shi tana ƙarama ba. Sai ga shi ya same ta da girmanta, da cikinta.

Ranar da ƙurajen suka fara fitowa aka aika wa Hadi. Ya zo ya kai ta asibiti a Karaye. Likita ya duba ta, ya ce ƙarambau a jikin babba ba irin na yara ba ne, balle mai tsohon ciki, domin yakan sauka huhu. Ya ce cutar irin wadda suke kira bairas ce, kafson da aka saba ba ya yi mata komai, amma akwai wata ƙwaya da ke hana ta yaɗuwa a jiki in an fara sha da wuri. Babu ita a Karaye. Hadi ya dawo da matarsa gidan iyayenta, ya hau babur ya tafi Kano, bai huta ba sai da ya samo.

Kuma Hadi ya yi wa likitan tambayar da ta kamata. Ya ce, maganin ba zai taɓa cikin ba? Likita ya ce an bi matan da suka sha shi da juna biyu, ba a ga ya jawo wa jariransu lahani ba, kuma a halin da matarsa take, barin cutar ya fi shan maganin haɗari. Wannan amsa Hadi ya ɗauko a kansa tun daga asibiti. Abin da ya rage ya sauke ta a gaban surukarsa.

Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kande, idonsa a ƙasa. Ita tana ciki, ta juya masa gefe. Aka yi gaisuwa mai tsawo.

"Iya, ga saƙon likita. Ya ce a fara yau ɗin nan, kada a tsallake."

"To. An gode. Allah ya yi albarka."

"Ya kuma ce ba ya da wata matsala ga..." Hadi ya tsaya. Yaya za a yi ya buɗe baki a gaban uwar matarsa ya ambaci cikin da shi ne silarsa? Ya sosa ƙeya. "Ga komai dai, Iya."

"To, madalla."

Tambaya ɗaya ce ke cin Kande, kuma ba ta da bakin yin ta. Ta tambayi suruki maganar cikin 'yarta ta fari? Gara ƙasa ta tsage. Shi yana riƙe da amsa, ita tana riƙe da tambaya, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Ya yi sallama ya tafi, don washegari hakimi zai fita rangadi da shi.

Kande ta zauna da ƙwayoyin a tafin hannu. Ga abin da ya same ta a 1984. Ga kuma abin da ta taso tana ji wurin tsofaffi, cewa ƙuraje in an tare su kafin su gama fita, ciki suke komawa. Cikin nan kuwa akwai wani a kwance. Ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa kan jar akuya a turke, da ciki ya kusa kai ƙasa.

Sai ta yi abin da take yi da kasko: ta fara jefa ɗan mitsitsi. Ta daka ƙwaya ta zuba a dusa. Nufinta ta ga kwana biyu. In akuya ba ta yi ɓari ba, sai a ba 'yar nan.

Safara'u na kwance ta ce, "Iya, maganin fa?"

"Ana duba shi."

Safara'u ba ta sake tambaya ba. Ita ma 'yar gidan ce. Kande ta yi mata wanka da ruwan ganyen darbejiya, ta dama mata kunun tsamiya, ta zauna a bakin ƙofa tana yi mata fifita tana kallon wani wuri, kamar iskar don kanta take yi.

Akuya ta ci dusar farko. Ta biyu ta sunsuna ta ɗaga kai. Daga nan ta gane kwanon, ko an kawo shi da harawa ba ta kallonsa. Kande ta ce ai gwaji ba ya yiwuwa rabi da rabi. Shi ne safiyar nan ta ja ta zaure don kada a gani, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta cusa mata garin har can ƙarshen baki inda turame suke. Sauran kuwa duk unguwa ta gani.

Da dariya ta lafa na shiga ciki da tsumma, in ɗaure mata yatsa in kuma ƙarasa tsokanata.

"Matar yaya, yau kuma ke aka kai kiwo?"

Ta miƙo mini yatsan kawai. Na ga farin gari a turmi, na ga takardar ƙwayoyi a kan faifai. Sai na ji tari daga ɗaki, busasshe, mai jan numfashi a bayansa. Kande ta tsaya cak har ya wuce. Sannan ta kama hannun rigata da hannun nan mai jini.

"Lado, kai da Allah bai ba ka kunya ba, je ka Karaye. Ka tambayo mini yaron nan, abin nan da ya kawo, in mace ba ita kaɗai ba ce, ana sha?"

"Ba ta sha ba?"

"Na ce ka tambayo mini."

Na sami Hadi ya dawo daga rangadi ke nan, ko hula bai cire ba. Na faɗa masa yadda ta ce. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Bai ce komai a kan surukarsa ba, ko a ranar ko bayanta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, ai na sani. Likita ya gaya mini. Ni ne ban faɗa ba." Ya nemo mota.

Muka iske Safara'u a zaune an jingina ta da bango, don kwanciya ta gagara. Numfashinta kamar na wadda ta yi gudu. A Karaye likita ya saurari ƙirjinta ya ce a wuce Kano yanzu. Barau ya tsaya a bakin mota yana duba taya, wai yana so ya tabbatar tana da iska. Shi ma 'yarsa ta fari ce. Kande ta shiga baya ba tare da an ce ta shiga ba, ta ce za ta riƙe musu kwanuka.

A Kano wata likita ce ta karɓe mu, mace mai fara'a. Bayan an sa wa Safara'u abin shaƙar iska an ɗaura mata ruwa, ta fito ta dubi Kande.

"Baba, ke ce mahaifiyarta?"

"Haka suke cewa."

"Ƙwayar da aka rubuta mata, ta sha nawa?"

Kande ta dubi yatsanta. Ni na buɗe baki zan gyara zancen, ta ɗaga mini hannu. Ta faɗi komai, har da dusa, har da zaure. Na ga likitar ta danne leɓe, sannan dariyar ta ɓace mata.

"Baba, akuya ba mutum ba ce. Ko ta yi ɓari, ko ba ta yi ba, ba abin da za ta gaya miki a kan 'yarki. Kin ga ruwan can da ke ɗiga? Maganin nan ne dai, ta jijiya muke ba ta."

Kande ta leƙa ta taga tana kallon ɗigon. A nan, gaban baƙuwa wadda ba ruwanta da kunyar gidanmu, tambayar ta fito.

"Ba zai taɓa abin da ke cikin ba?"

"Ba zan ce miki mai ciki ta sha duk abin da ta samu ba. Tsoronki yana da wuri, akwai magungunan da ni ma ba zan ba ta ba. Amma wannan an bi waɗanda suka sha shi, ba a ga ya yi wa 'ya'yansu illa ba. Abin da ke barazana ga jaririn yanzu shi ne numfashin uwarsa. In ita ba ta sami iska ba, shi ma bai samu ba."

"Da an ba ta tun ranar fa?"

"Da wataƙila bai kai haka ba. Wataƙila na ce, Baba. Wani ana ba shi da wuri ya sauka huhun duk da haka."

Likitar ta nanata "wataƙila" don ta rage mata nauyi. Kande ta bar kalmar nan a barandar asibiti, ta riƙe sauran maganar.

Mun yi kwanaki ba mu san inda abin zai faɗi ba. Kande ba ta shiga ɗakin in akwai mutane. Tana zaune a tabarma a waje, tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa in ɗakin ya yi shiru da rana, tsohuwar takan shigo ta tsaya a ƙafar gado tana bin numfashin, in Safara'u ta ja ita ma ta ja. Da ta ga ido zai buɗe sai ta ɗauki buta ta fita.

Allah ya sa Safara'u ta tashi. Haihuwa ta zo kafin lokacinta da kaɗan, aka sami mace, 'yar ƙarama amma lafiyayya, da yatsunta cif da muryar da ta fi ƙarfin jikinta. Aka sa mata Zaituna. Akuya ma ta haifi biyu, 'yan unguwa suka ce to ga sakamakon bincike ya fito, a aika wa gwamnati.

Sai dai Safara'u ba ta koma yadda take ba. Tabon fuska ba komai ba ne, Hadi ya ce ado ne. Ƙirjin ne. In ta yi daka ko ta shaƙi hayaƙi, ko ƙaiƙayin hatsi ya tashi, sai tari ya kama ta har ta dafa bango. An ce zai ragu da shekaru, kuma yana raguwa. Amma Kande tana jin tarin nan tun daga Rogo Ruma.

Ba ta taɓa cewa a yafe mata ba. Ba ta da hanyar faɗa. Abin da ta yi shi ne, ta gano cewa mutanen Karaye sun fi na Rogo sanin darajar ƙuli. Duk mako sai ta ɗauki kwalla ta hau mota, wai ta tafi talla. Tallan yakan ƙare a gida ɗaya a Unguwar Hajji. Tana shiga za ta ce turmin gidan nan ba a iya amfani da shi, bari ta nuna musu. Ta surfa, ta sheƙe, ta daka na mako guda, ta hura wuta, ta kori Safara'u daga madafa da cewa tana tare mata haske. Sannan ta bar ƙulin a nan, wai ya yi kwantai.

Safara'u ta taɓa ce mata, "Iya, ki huta mana. Ai na warke."

"Wa ya ce don ke nake yi? Kishi nake da wannan mai kan kwakwar, kada ta ce kakarta ba ta iya komai ba." Ta ɗauki Zaituna ta saɓa. Ita Zaituna ana kiran sunanta sau ɗari a wuni, har da waƙa. Wani lokaci ina jin kamar rabin kiran na wata ne.

Hadi kuwa har yau in ya durƙusa gaishe ta yakan daɗe bai tashi ba. Kowannensu yana ganin laifin nasa ne, kuma ba mai iya gaya wa ɗan'uwansa. Sai dai da Safara'u ta sami ciki na biyu aka rubuta mata maganin ƙarin jini, Hadi ya zo ya same ni ya ce in raka shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin nan, ya yi gumi, ya ce, "Iya, likita ya ce wannan ba ya cutar da mai ciki." Da ya kai kalmar ƙarshe kamar ya sauke buhun gero. Kande ta ja ɗankwali ta rufe fuska ta ce, "To, na ji. Allah ya shirye ka." Amma da kanta ta riƙa miƙa ƙwayar.

Akuyar na nan. Ta tsufa, ta daina haihuwa, haƙoranta sun zube, sai an jiƙa mata dusa. Barau ya yi ya yi a kai ta kasuwa, Kande ta ce sai dai a kai shi. Yatsan nan kuwa ya warke a karkace, in ta nuna maka hanya da shi sai ka ɓata.

Kwanan baya na shiga na same ta tsugune tana ba akuyar ruwan kanwa.

"Likita, ya marasa lafiya? An zagaya da safe?"

"Saura kai. Buɗe bakin."

"Ni dai ban gane ba, matar yaya. Dabbar da ta ja ki a ƙasa gaban liman, ta lanƙwasa miki yatsa, ta sa miki sunan da har jikoki za su gada, ita kike yi wa hidima kamar uwar miji? Ki ba ni ita in rage miki wahala. Ko romo a samu."

Ta shafa wuyan akuyar. Sannan ta ɗaga karkataccen yatsan ta dube shi.

"Bar ta, Lado. A wancan lokacin 'yar nan ta ji kunyata ta yi shiru. Yaron nan ya ji kunyata ya yi shiru. Yayanka ko ɗakin bai leƙa ba. Duk gidan nan ita kaɗai ce ba ta ji kunyata ba. Ta ga abin da nake yi ba daidai ba ne, ta cije ni."